Me Ya Sa Murya Ke Yankewa? Binciken Matsalar Sauraro Tsakanin Rauta, Waya Da Sifika

Gabatarwa

A shekarar 2001 ne wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya. Kafin wannan lokaci, duk wanda yake son jin labarin duniya a Jega ko Maiyama, sai dai ya murɗa akwatin rediyonsa ya nemi tasha a gajeren zango, ya yi ta juya eriya har murya ta fito. A yau kuwa labarai da karatu da darussan makaranta duk suna iya shigowa ta intanet. A gidaje da shaguna da dama, musamman a Aliero inda aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi a 2006, akan ga wata 'yar na'ura mai ƙananan fitilu ajiye a kan tebur ko taga. Ita ce ake kira rauta. Akan sa mata layin waya, ta jawo intanet daga ƙarfen sabis, sa'an nan ta rarraba wa wayoyi da kwamfutocin gida ta cikin iska, ta hanyar da ake kira Wi-Fi.

To, ga matsalar da mutane da yawa ke kuka da ita. Mutum ya haɗa wayarsa da sifika yana sauraron shiri, sai murya ta riƙa yankewa, ko ta tsaya cik sa'an nan ta dawo, ko ta yi ta karkarwa kamar mai jin ɗari. Nan da nan sai a ce sifikar jabu ce, a je kasuwa a sayo wata, a dawo a tarar da matsalar tana nan daram. Hausawa na cewa zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. Sau da yawa sifika maratayi ce kawai, makashin yana wani wuri. Kuɗi sun tafi a banza, kuma idan malami ne ya shirya kunna wa ɗalibansa darasi a aji, lokacin darasin ma ya salwanta.

Manufar wannan darasi biyu ce. Ta farko, mai karatu ya fahimci yadda murya ke tafiya daga inda aka watso ta har ta iso kunnensa. Ta biyu, ya koyi yadda masanin kimiyya ke bin diddigin matsala mataki-mataki, domin hanyar da ake bi a gano ciwon rauta ita ce dai ake bi a ɗakin gwaji a gano abin da ke hana shuka girma.

Tafiyar murya daga tasha zuwa kunne

Sauti motsin iska ne. Idan aka buga ganga, fatar tana kaɗawa, ta ture iskar da ke kusa da ita, wannan turi ya yi ta miƙawa har ya isa dodon kunne. Yawan kaɗawa a cikin daƙiƙa ɗaya, wato sakan, shi ake aunawa da ma'aunin da ake kira haz, don tunawa da Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da samuwar igiyar rediyo a 1887. Kunnen yaro mai lafiya yana jin sauti daga haz 20 zuwa haz 20,000.

Intanet ba ya ɗaukar motsin iska, lambobi kaɗai yake ɗauka. Saboda haka sai an fara mayar da sauti lambobi. A faifan CD, alal misali, ana auna sautin sau 44,100 a kowane sakan. Daga nan akan matse lambobin domin su rage nauyi, a yayyanka su ƙanana-ƙanana, kowane yanki da lambarsa da adireshinsa. Kowane yanki shi za mu kira ƙunshi.

Duk wanda ya taɓa ganin lodin albasa a Aliero ya san yadda abin yake. Ɗan kasuwa yana da buhu ɗari, kowane buhu da shaidarsa. Ba lalle ne duka su shiga mota ɗaya ba, kuma ba lalle ne motar da ta fara tashi ita ce za ta fara isa ba. Wata ta tsaya a Jega shan mai, wata ta yi faci a Maiyama. Mai karɓa a can kudu shi zai tattara su ya ƙirga, in wani ya ɓata ya nemi a sake turo masa. Haka ƙunshin murya suke tafiya. Bambancin kawai shi ne albasa tana iya jiran kwana ɗaya, amma murya ba ta jira. Bincike ya nuna kunnen mutum yana iya gane gurbin shiru da bai wuce kashi 3 cikin 1,000 na sakan ba a tsakiyar ƙara.

Don haka ne aka yi wa waya wata 'yar ma'ajiya, inda take tara murya ta sakan da yawa kafin ta fara kunnawa. Mu kwatanta ta da randa. Ɗan garuwa yana zubawa lokaci-lokaci, mutanen gida suna ɗiba a kai a kai. Muddin yana zuwa kafin ruwan ya ƙare, ba wanda zai san ya yi latti. Ranar da ya daɗe har randa ta bushe, ranar ce za a ji ƙishi. Yankewar murya ita ce bushewar randa.

A nan akwai abin lura. Murya ba ta cin data da yawa. Shirin da ake watsawa a kan gudun kilobit 128 a sakan yana cin kimanin megabait 1 a minti, wato wajen megabait 58 a awa. Ko intanet mai rauni yana iya ɗaukar wannan. Ke nan abin da ya fi jawo yankewa shi ne rashin isowar ƙunshi a kan kari, ko da kuwa yawan da ke isowa a jimlace ya isa.

Hanyar kuwa zango uku ce, kuma ya kamata ɗalibi ya haddace su:

1. Daga ƙarfen sabis zuwa rauta.
2. Daga rauta zuwa waya, ta Wi-Fi.
3. Daga waya zuwa sifika, galibi ta Bluetooth.

Duk ukun da igiyar rediyo suke aiki, kuma kowanne yana iya zama inda motar ta maƙale.

Igiyar rediyo da tsawonta

Igiyar rediyo 'yar uwar haske ce, tana gudun kilomita 300,000 a sakan. Idan aka raba wannan gudu da yawan kaɗawarta, sai a sami tsawonta. Iyayenmu da ke kama tasha a kan mita 25 suna kama igiyar da ke kaɗawa sau miliyan 12 ne a sakan. Rauta kuwa tana aiki a zanguna biyu. Na farko shi ne gigahaz 2.4, wato kaɗawa sau miliyan 2,400 a sakan, tsawon igiyarsa santimita 12.5. Na biyu shi ne gigahaz 5, tsawon igiyarsa kimanin santimita 6. A kula, idan rauta ta nuna suna mai 5G a ƙarshe cikin jerin Wi-Fi, yawanci wannan zango na gigahaz 5 take nufi. Daban yake da 5G na kamfanonin waya, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2022.

Kowane zango da halinsa. Na 2.4 ya fi nisa, ya fi ratsa bango, amma ƙunci gare shi kuma jama'a sun yi masa yawa. Na 5 yana da faɗi da sarari, sai dai bango yana saurin raunana shi. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

Nisa, bango da ruwa

Ƙarfin igiya yana raguwa da nisa, kuma raguwar ba ta wasa ba ce. A fili, idan aka ninka nisa sau 2, ƙarfin zai koma kashi 1 cikin 4. Idan aka tashi daga mita 2 zuwa mita 10, wato ninki 5, zai koma kashi 1 cikin 25. Wannan kafin a yi maganar bango ke nan.

Yanzu mu dubi ginin gidajenmu. Akan ajiye rauta a zaure ko a ɗakin maigida, mai sauraro kuma yana can cikin gida, tsakaninsu akwai katanga biyu ko uku. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye igiya, musamman da damina idan ta sha ruwa. Ƙarfe kuwa mayar da ita yake yi baya, kamar yadda madubi ke mayar da haske. Ƙofar ƙarfe, kwanon rufi, firji da akwatin ƙarfe duk shingaye ne. Wanda ya ɓoye rautarsa cikin kabad ɗin ƙarfe don tsoron ɓarayi ko yara, ya yi kamar wanda ya kunna fitila ya kife ta da ƙwarya.

Ruwa ma yana shanye igiyar wannan zango, ya mayar da ita ɗumi. Da wannan dabarar ce tukunyar lantarkin nan mai ɗumama abinci cikin minti ɗaya take aiki, a kan gigahaz 2.45. To, randa da tankin ruwa da ganyen bishiya duk ruwa ne. Mu kanmu haka ne, domin kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin jikin babban mutum ruwa ne. Shi ya sa mutum zai sa waya a aljihun baya, ya juya wa sifika gaba, murya ta fara yankewa. Jikinsa ne ya tare hanya. Haka nan ajin da Wi-Fi ke aiki lafiya lau sa'ad da yake fayau, yana iya canzawa idan ɗalibai 60 suka cika shi.

Cunkoso a iska: darasi daga kwaɗi da ɗansarki

Wanda ya tsaya bakin fadama da dare a tsakiyar damina zai ji kukan kwaɗi kamar hayaniya ce marar tsari. Amma masu nazarin halittu sun gano cewa a jinsuna da yawa, namiji yana sauraron maƙwabcinsa, ya jefa nasa kukan a gurbin da wancan ya yi shiru, domin mace ta iya bambance shi. Ka'idar Wi-Fi ke nan. Kowace na'ura sai ta saurara tukuna. In ta ji wata tana magana, sai ta dakata na ɗan lokaci, ta sake gwadawa. A tasha ɗaya, baki ɗaya ne ke magana a lokaci ɗaya. Idan bakuna suka yi yawa, jiran kowa zai tsawaita, randa kuwa tana ta raguwa.

An raba zangon 2.4 zuwa tashoshi 13 a yawancin ƙasashe. Tazarar da ke tsakanin tasha da tasha megahaz 5 ce kawai, alhali kowace tasha tana bukatar faɗin kimanin megahaz 20. Ke nan suna hawa kan juna. Shi ya sa aka saba amfani da guda uku da ba sa taɓa juna: 1, 6 da 11. A gidan da ke gefen gari ba maƙwabci mai rauta, wannan ba ya damun kowa. Amma a gidajen hayar ɗalibai a Aliero, ko jerin shagunan kasuwar Jega, inda rauta da wayoyi masu rarraba intanet suke manne da juna, kowa na iya faɗawa tasha ɗaya.

Maganin wannan ma halitta ta riga mu sani. Akwai kifin da masunta ke kira ɗansarki, wanda ake samu a kogin Kwara da rassansa, sunansa na kimiyya Gymnarchus niloticus. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij a Ingila ya bayyana cewa wannan kifi yana fitar da wata siririyar wutar lantarki ba ƙaƙƙautawa, sau ɗaruruwa a sakan. Daga baya aka tabbatar da ita yake gane abin da ke kewaye da shi cikin ruwa mai duhu. Wutarsa ba irin ta minjirya ba ce mai girgiza mutum, ta yi rauni ƙwarai. To, idan ɗansarki biyu masu yawan kaɗawa kusan ɗaya suka haɗu, sai wutar ɗaya ta rikita ta ɗaya. Me suke yi? Wanda nasa ya ɗan fi yawa sai ya ƙara, wanda nasa ya ɗan gaza sai ya rage, su ba juna tazara. Masana biyu 'yan Japan, Watanabe da Takeda, su suka fara ganin wannan hali a 1963 a jikin wani kifi na Kudancin Amurka, sa'an nan cikin shekarun 1970 aka same shi a ɗansarki. Wanda ya shiga saitin rautarsa ya matsar da ita daga tasha ta 6 zuwa ta 11 don kauce wa maƙwabci, abin da ɗansarki ke yi ya yi.

Kishiya a ɗaki ɗaya

Bluetooth ma a zangon 2.4 yake zaune, tare da Wi-Fi. Shi dabararsa tsalle ce. Ya raba zangon zuwa ƙananan tashoshi 79, kowace faɗin megahaz 1, yana tsalle daga wannan zuwa waccan har sau 1,600 a sakan. Tashar Wi-Fi guda mai faɗin megahaz 20 tana mamaye kimanin kashi 1 cikin 4 na waɗannan. Idan kuwa an saita rauta a kan faɗin megahaz 40, to ta cinye kusan rabi. Tun daga 2003 aka koya wa Bluetooth ya riƙa tsallake tashoshin da ya ji hayaniya, amma idan rauta uku sun kama 1 da 6 da 11, wurin da ya rage masa kaɗan ne.

Bugu da ƙari, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Bluetooth na yawancin ƙananan na'urori yana fita da kimanin miliwat 2.5, wanda aka tsara don nisan mita 10, rauta kuwa takan kai miliwat 100. Idan aka jingina sifika da rauta a kan tebur ɗaya, kamar a sa mai raɗa kusa da mai shela ne. Sa'an nan a wayoyi da yawa eriya guda ce Wi-Fi na 2.4 da Bluetooth suke rabawa, suna karɓa-karɓa. Wayar tana jawo murya da hannu ɗaya, tana miƙa ta da wannan hannun dai.

Cunkoso a cikin gida

Ko ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani lokaci maƙwabta ba su da laifi, mutanen gida ne suka cika hanya. Bidiyo ya ninka murya nauyi sau da yawa. Idan yaro yana kallon fim, wata tana tura bidiyon biki ta WhatsApp, kwamfuta kuma tana sabunta kanta a ɓoye, sai ƙunshin murya su shiga dogon layi a cikin rauta, kamar keke a bayan manyan motoci. Turawa ta fi jawowa illa, domin hanyar fita yawanci ta fi ta shigowa ƙunci. Haka kuma wayar da ke nesa da rauta tana magana a hankali, tana maimaitawa, saboda haka tana cinye lokacin sauran. Kar a manta da lambar sirri. Wadda aka bai wa aboki ɗaya bara, wataƙila yau rabin unguwa sun san ta.

Zafi, ƙura da wuta

Rauta ƙaramar kwamfuta ce, kuma yawancin na gida an ƙera su ne don su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba. A Jihar Kebbi zafin rana yakan wuce haka a watannin Maris zuwa Mayu, balle a ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana. Na'urar da ta yi zafi takan rage gudu don kare kanta, ko ta mutu ta tashi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe 'yan ramukan da iska ke shiga. Game da wuta, duk sa'ad da aka ɗauke ta aka koma janareta ko sola, rauta tana bukatar minti ɗaya ko biyu kafin ta farfaɗo. Caja marar ƙarfi ko wadda ba tata ba tana iya sa ta riƙa mutuwa daidai lokacin da aiki ya yi mata yawa.

Idan waya ba ta ganin sifika

Akwai sifikoki da talabijin na zamani da ke karɓar murya ta Wi-Fi kai tsaye. Matsalarsu takan zama waya ta neme su ta rasa. Dalilin shi ne irin waɗannan na'urori suna shelar kansu ga duk wanda ke cikin gida ɗaya da su a rauta. Idan waya tana kan layin baƙi, sifika tana kan babban layi, ko kuma an kunna saitin da ke hana na'urori ganin juna, shelar ba za ta isa ba. Haka ma idan rauta biyu ce a gidan, kowace da nata rukuni. Sa'an nan wasu sifikokin zangon 2.4 kaɗai suka sani. Magani shi ne a mayar da su duka kan layi ɗaya, a kashe wancan saitin.

Yadda ake bincike

Yanzu mun san waɗanda ake tuhuma. Yaya za a gane mai laifi? Ka'idar ita ce wadda kowane ɗalibin kimiyya ya koya a gwajin tsiron wake: a canza abu ɗaya tak a lokaci ɗaya, a bar sauran yadda suke, a rubuta abin da aka gani. Wanda ya canza tasha, ya matsar da rauta, ya sauya sifika duk a tashi ɗaya, ko matsalar ta tafi bai san abin da ya kore ta ba, kuma ranar da ta dawo zai koma farko.

Gwaji na 1. A kashe Wi-Fi da data. A kunna muryar da ke ajiye cikin waya, a tura ta sifika daga nisan mita 1. In ta yanke, laifin yana zango na uku: a duba cajin sifika, a warware haɗin Bluetooth a sake ɗaurawa, a gwada da wata waya. In ba ta yanke ba, sifika ta kuɓuta.

Gwaji na 2. A ci gaba da kunna wannan muryar dai, amma a kunna Wi-Fi a fara sauke wani abu mai nauyi. In yanzu ne yankewa ta fara, to Wi-Fi da Bluetooth ne ke faɗa, tun da muryar ba ta intanet take zuwa ba. A mayar da waya zangon 5 in rauta tana da shi. In babu, a saita faɗin tasha a kan megahaz 20, a raba sifika da rauta da tazarar mita 1 ko 2.

Gwaji na 3. A kashe Bluetooth. A kunna shiri daga intanet da bakin wayar kanta, a tsaye kusa da rauta, sa'an nan a taka a hankali zuwa inda aka saba zama. In murya lafiya take a kusa amma ta lalace a nesa, laifin yana zango na biyu. A ɗaga rauta sama, a kai ta tsakiyar gida, nesa da ƙarfe da randa, a gwada tasha ta 1, ta 6 da ta 11 ɗaya bayan ɗaya. Akwai manhajojin kyauta da ke nuna ƙarfin Wi-Fi da lamba mai alamar ragi. Kusa da -50 yana da kyau, -67 ya isa sauraro, -80 kuwa ya yi rauni. Duk raguwar 10 tana nufin ƙarfi ya ragu ninki 10.

Gwaji na 4. In ko a gindin rauta murya tana yankewa, a cire kowa daga kanta sai waya ɗaya. In ta gyaru, cunkoson gida ne: a canza lambar sirri, a tsara lokacin sauke manyan abubuwa, in kuma rauta tana da saitin fifita murya a kunna shi.

Gwaji na 5. In har yanzu, a zare layin daga rauta a sa shi cikin waya, a tsaya a wuri ɗaya a sake saurare. In ya yi kyau a waya, rautar ce ba ta da lafiya: a taɓa a ji ko ta yi zafi, a share ƙura, a duba caja, a kashe ta na rabin minti, a sabunta manhajarta. In a waya ma yana yankewa, laifin yana zango na farko. A gwada kusa da tagar da ke fuskantar ƙarfen sabis, kuma a gwada da asuba a kwatanta da bayan magariba, lokacin da jama'a suka fi hawa.

Saitin rauta ana shigarsa ne ta adireshin da ke rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta, irin 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Kafin a taɓa kome, a rubuta yadda aka same shi, don a iya mayarwa.

Aiki ga malamai da ɗalibai

Gani ya kori ji. Malamin kimiyya yana iya yin wannan da waya biyu kawai, ɗaya tana rarraba Wi-Fi, ɗaya tana aunawa. Ɗalibai su auna ƙarfi a nisan mita 1, 2, 4 da 8, sau uku-uku, su fitar da matsakaici, su zana jadawali. Sa'an nan a tsayar da nisa a mita 4, a riƙa sa abu ɗaya a tsakani: allon katako, farantin ƙarfe, jarkar da ba kome, jarkar dai cike da ruwa, da ɗalibai biyar a jere. A tambaye su:

1. Me ya sa aka gwada jarkar da ba kome kafin mai ruwa?
2. Me ya sa ake aunawa sau uku?
3. Tashar FM tana kan megahaz 100. Nawa ne tsawon igiyarta?
4. Ta wace fuska kwaɗi suka bambanta da ɗansarki wajen kauce wa cunkoso, kuma wanne ya yi kama da canza tasha?

Malamin da zai kunna darasi a aji kuwa, rigakafi ya fi magani: ya sauke shi cikin waya tun a gida, ya kashe Wi-Fi, in da hali ya haɗa sifika da igiya. Ya kawar da zango uku ke nan gaba ɗaya.

Kammalawa

Ɗalibai sukan tambaya ko igiyar rauta tana cutar da jiki. Igiyar rediyo ba ta da irin ƙarfin da ke karya ƙwayoyin gado kamar yadda hasken hoton ƙashi ke iya yi, kuma abin da rauta ke fitarwa bai kai ƙarfin ƙaramar tocila ba. Abin da ya fi cancantar tsoro shi ne ƙarar kanta. A cikin kunne akwai ƙwayoyi masu gashi kimanin 15,000, waɗanda ke mayar da motsi saƙon jijiya, kuma a jikin ɗan Adam wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a kan desibel 80. Ƙara murya ba ta gyara yankewa, sai dai ta ɓata kunne.

A taƙaice, murya tana bin zango uku kafin ta iso gare mu, kuma nisa, bango, ruwa, cunkoso, zafi da saiti kowanne yana iya tare ta. Kafin a kashe kuɗi a kan sabuwar sifika ko sabuwar rauta, a ɗauki takarda da biro a yi gwaje-gwajen nan biyar bi da bi. Rabin awa ya isa. Ɗalibin da ya saba da wannan tsari zai same shi yana yi masa amfani a gona, a asibiti da ɗakin gwaji, duk inda ake bukatar a san dalilin abu kafin a nemi maganinsa.